Kafin ka binne kuɗinka a ƙarƙashin tayil: wasiƙa daga Tabuka

Malam Edita, assalamu alaikum warahmatullah. Ya aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya tsaya min a rai tun shigowar sanyin bana, wato maganar ɗumama daɓen gida ta ƙarƙashi, abin da Larabawa ke ce wa tadfi'a ardiyya. Ni mai sa tayil ne, muballiɗ kamar yadda ake kiranmu a nan, a Makka aka haife ni unguwar Misfala, neman abinci ya kawo ni Tabuka yau shekara 19 kenan. Cikin sati biyu kacal mutum huɗu daga cikin 'yan uwa suka kira ni kan magana ɗaya, wani daga Madina, wani daga Ha'il, wani ma daga Jidda, na huɗun ɗan baffana ne da ke gini a nan garin, kowa ya ga talla a waya an nuna jariri yana rarrafe a kan tayil ba safa ga ƙanƙara a taga, kowa kuma yana so. Shi ne na ce bari in rubuto sau ɗaya kowa ya karanta, don amsar da zan ba na Jidda ba ita ce ta na Ha'il ba, kuma kuɗin da mutane ke shirin binnewa a ƙasa wallahi ba kaɗan ba ne.

Na san 'yan uwanmu na gida Najeriya da Nijar in suka ji an ce sanyi a Saudiyya mamaki suke yi, tunda abin da suka sani shi ne ranar Arfa da zafin Mina, kuma ko Tabuka ɗin ma a sira da zafi aka san ta, yaƙin da aka fita cikin tsananin rana a shekara ta 9 bayan hijira. To amma ku zo a watan Janairu ku gani. Akwai kwana 40 da ake kira Murabba'aniyya, tana kamawa wajen 7 ga Disamba, tana fita kuma Shabɗ ya shigo da nasa kwana 26 mai iska mai ratsa ƙashi, a dutsen Lauz da ke yamma da mu dusar ƙanƙara ke sauka har mutane su ɗebi iyali su je kallo, a Ɗuraif da Ƙurayyat da Ar'ar da Sakaka ruwa na daskarewa a waje da asuba. Matsalar kuma ita ce gidajenmu duk don zafi aka gina su, bulo da siminti da tayil da marmara, abin da ke yi maka daɗi a watan Agusta shi ne ke gasa maka aya a hannu a Janairu, har sai ka ga da hantsi tsakar gida ta fi cikin ɗaki ɗumi, tsofaffi su ja tabarma su fito rana.

Abin da ya sa maganar nan ba ta wasa ba ce a wurina shi ne abin da mutane ke yi in sanyin ya ishe su. Daffaya, wato hitar ɗumama ɗaki, ta kananzir da ta gas, da kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa a toshe taga da tsumma. Shekarun baya maƙwabtanmu a wani gidan haya, mutum da matarsa da yara uku, suka kwana da gawayi, Allah ne ya yi da sauran kwana, babbar 'yar ta tashi da amai ta rarrafo ta buga mana ƙofa, ni na ɗauko ƙaramin a kafaɗa jikinsa duk ya saki kamar tsumma, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai za ka ji da kasala sai barci, kuma duk shekara jami'an Difa'ul Madani, wato masu kashe gobara da ceto, sai sun yi ta gargaɗi a kai, lambarsu 998 ta motar asibiti kuma 997, kowa ya haddace dan Allah. To kun ga duk abin da zai fitar da harshen wuta daga ɗakin kwana ni ina bayansa, shi ya sa ba zan taɓa cewa ɗumama daɓe almubazzaranci ne kawai ba kamar yadda wasu ke faɗa.

Kuma in ka duba da kyau mu ne ma muka fi Turawan da ke cikin tallan bukatar daɓe mai ɗumi, don su a kujera suke rayuwa mu kuwa a ƙasa. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke sallah, a ƙasa ake hira, yara a ƙasa suke karatu, da yawa ma a ƙasa muke kwana. Innarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, tana fama da gwiwa, abin da ta fi tsoro a sanyi shi ne ta yi alwalar asuba ta tako tayil da jiƙaƙƙiyar ƙafa, takan ce sanyin ta tafin ƙafa yake hawa har ƙugu. Ita ce ma ta tuna min, ran da nake mata bayanin aikin, ta ce ai ɗan nan wannan gadon ƙasa ne irin na kakanninku, wanda ake hura wuta a ƙarƙashi mai jego da tsofaffi su kwanta a kai da hunturu. Kuma gaskiyarta. Dabarar tsohuwa ce, Rumawa sun yi ta a gidajen wankansu, mutanen Koriya suna da nasu da suke kira ondol, a hamadar Jodan ma ba nisa sosai da iyakarmu akwai Ƙusair Amra na zamanin Banu Umayya, ƙarni na 8, ɗakin wankansa an ɗaga daɓen a kan 'yan ginshiƙai zafin wuta na bi ta ƙasa. Af, tunda maganar daɓe ake, masu cewa akwai bututun ruwan sanyi a ƙarƙashin filin ɗawafi shi ya sa ba ya ƙona ƙafa, ba haka ba ne, farin marmara ne da ake kawowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, shi ne ba ya riƙe zafin rana.

Toh, iri biyu ne a kasuwa, na waya da na ruwa, kuma ɗan talla duk wanda yake sayarwa shi zai ce maka ya fi.

Na waya wata raga ce mai waya a manne, kaurinta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ana shimfiɗa ta a kan daɓen siminti a shafe ta da gam ɗin tayil a ɗora tayil a kai, shikenan, sai na'urar daidaita zafi a bango da ɗan ma'auninta da ake turawa cikin siririn bututu a tsakanin wayoyin. Saukinsa shi ne ba ya ɗaga daɓe sosai, ƙofofinka ba sai an yanke su ba, kuma in ka kunna cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ƙafarka ta fara ji. Wanda aka fi sa wa ƙarƙashin tayil yana cin wat 150 a kowace murabba'in mita, to daga nan sai ka ɗauki biro. Farashin wutar gida a nan tun 2018 halala 18 ne kowane kilowat na awa (halala 100 ce riyal ɗaya) har zuwa 6000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, ga harajin kashi 15 da aka koma tun Yulin 2020. Banɗaki mai filin takawa mita 3, wat 450 kenan, in ka sa shi awa biyu kullum da asuba a wata ko riyal 6 ba zai ci ba. Ɗaki mai mita 4 da 4, in ka cire wurin gado da durowa ya rage mita 12, wat 1800, awa shida kullum ya kama kilowat 324 a wata, wajen riyal 67 har da haraji, kuma yawanci bai kai haka don na'urar tana kashewa tana kunnawa in daɓen ya ɗauka. Wannan duk mai albashi zai iya. Amma ka ce gida gaba ɗaya, mita 150, wat 22,500 kenan, a wannan lissafin na awa shida ka haura kilowat 4000 a wata, sama da riyal 800, ba a sa sahhanar ruwan wanka da firji da injin wanki ba, su ne za su iya tura ka gidan halala 30, sannan mitarka da wayoyin gidan ma sai an duba ko za su iya ɗaukar wannan nauyi. Na ga gidan da aka sa, mai gidan ya ga fatura biyu, wato takardar kuɗin wuta, ya kashe, yau shekara da shekaru wayar na kwance a ƙasa ba ta amfana wa kowa komai.

Na ruwa kuma aikin mai gini ne tun daga tushe. Bututun roba ne mai suna PEX ko PE-RT, yawanci milimita 16, ana lanƙwasa shi kamar katantanwa a kan allon azil, wato abin da ke tare zafi ya hana shi wucewa, tazarar santimita 10 zuwa 20 tsakanin layi da layi, kowane zagaye kada ya wuce kamar mita 100 don famfon ya iya turawa, duk su haɗu a akwatin rabo a bango inda kowane ɗaki ke da makullinsa, sai a zuba daɓen siminti na santimita 6 zuwa 7 a kai. Ruwan da ke zagayawa ba tafasasshe ba ne, digiri 35 zuwa 45 ya isa, shi ya sa yake tafiya daidai da injin nan mai zuƙo zafi daga iskar waje, wanda in ya ci kilowat ɗaya na wuta yakan ba ka kusan uku na ɗumi, ko kuma a haɗa shi da tukunyar gas. A wata ya fi na waya sauƙi nesa ba kusa ba, amma kuɗin sawa fa sai mai ƙarfi, kuma da azil da siminti da tayil daɓen zai tashi santimita 12 ko fiye, dole tun a zane a yi lissafin ƙofofi da matakala. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nauyin jikinsa, siminti ne mai kauri sai ya yi awanni kafin ya ɗau zafi, in ya ɗauka kuma awanni kafin ya saki. A ƙasar da sanyi ke yini ya kwana wata biyar wannan alheri ne. Mu kuwa nan sanyinmu na dare da asuba ne, da azahar rana ta fito sai ka ga ana buɗe taga, daɓen kuma yana ta ba da ɗumin da ka biya kuɗinsa yana fita waje.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, don wannan ba za ka ji shi a talla ba, sai wanda ya durƙusa a kan gwiwa yana aikin. Yadda muka saba sa tayil a ƙasar nan shi ne a zuba dafan, wato yashi ko tsakuwa a rufe bututun ruwa da na wuta, a ɗora kwaɓin siminti a dasa tayil. Wannan tsarin da ragar waya ba sa ga maciji. Ragar tana son daɓe mai ƙarfi, shafaffe, ta nutse cikin gam ba iska ko kaɗan a jikinta, kuma gam ɗin ya zama mai miƙewa wanda aka rubuta a buhunsa ya dace da daɓe mai ɗumi, in ba haka ba tayil zai fara ƙwanƙwasa yana ɗagowa bayan sanyi ɗaya ko biyu. Sannan azil a ƙarƙashi. Zafi bai san sama yake so ya je ko ƙasa ba, duk inda ya sami sanyi nan zai bi, in ba ka sa allon azil ba kana ɗumama ƙasar Allah ne ko rufin maƙwabcinka na ƙasa. Bara aka kira ni wani gida in duba, ɗan kwangilar da ya yi aikin, ba zan kama suna ba, ya shimfiɗa ragar kai tsaye a kan yashi ba azil ba komai, mai gidan dattijo ne ɗan fansho, ya ce min "ɗana, ni dai na biya kuɗin ɗumi amma fatura ce kawai ke zuwa", na dafa tayil ɗin bayan awa uku a kunne da ƙyar ka ji bambanci. Babu gyara sai fasawa, kuma irin tayil ɗinsa ya ƙare a kasuwa, ranar na koma gida raina a ɓace kamar ni aka cuta.

Abu na biyu shi ne zaman ƙasan nan namu da na yaba a sama, shi ne kuma babban abokin gabar wannan na'ura. Majalisar Larabawa da muke jerawa a jikin bango, katifu da matasai masu kauri, mokit, wato kafet, mai soso a ƙasa, darduma a kan darduma, katifar da ake shimfiɗa wa baƙi ta kwana uku ba a ɗaga ba, duk waɗannan bargo ne ka lulluɓa wa daɓen. A na ruwa asarar ita ce ɗumin ba zai fito ba, don bututu ba ya wuce zafin ruwan da ke cikinsa. A na waya kuwa haɗari ne ga wayar kanta, tana ta ba da wat ɗinta zafin ba shi da wurin zuwa, wurin ya yi ta taruwa har wayar ta ƙone, kuma ma'aunin na can wani gefe bai san abin da ake ciki ba. Ƙa'idar Turai ta ce saman daɓe a ɗakin zama kada ya wuce digiri 29, banɗaki 33, in katako ne 27, wato ɗumi ne kamar na tafin hannu, amma a ƙarƙashin katifa wannan lissafi ya tashi, kuma ina jiye wa jariri da aka kwantar a nan ko tsoho mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai. Don haka kafin a yanka ragar sai uwargida ta shigo ta nuna inda majalisa za ta zauna, inda gado, inda durowa, inda ake shimfiɗa wa baƙi, a bar wuraren nan ba waya, a sa ta a tsakiyar ɗaki inda ake takawa da inda ake sallah da cin abinci. Ni in mai gida ya ce ba sai an tambayi matarsa ba nakan ce masa ranka ya daɗe ita ce za ta jera ɗakin ba kai ba, kuma in ta canja jeren bayan an rufe tayil sai dai a kashe na'urar.

Sai maganar wanke ɗaki, mu ba mu yarda ɗaki ya fita ba sai an kwarara masa ruwa an ja da roba. Wayar kanta ba ta tsoron ruwa in aikin ya yi kyau, amma fa dole a sa mata bireka irin mai jin ɗigar wuta, na miliamfiya 30, da wayar ƙasa ta gaske, wato wayar kariya mai kai ɗigar wuta cikin ƙasa, kuma ma'aikacin lantarki mai lasisi ne zai haɗa, ba ni mai tayil ba, ni nawa shimfiɗawa ne. Tsofaffin gidaje da yawa har yanzu suna kan tsohon tsarin bolt 127 da 220, sababbi ne ke kan 230, in ka haɗa ragar 230 a layin 127 ko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ba za ta bayar ba ka ce kaya ne ba kyau. Masu yin odar famfo ko inji daga Turai su ma su lura wutarmu haz 60 ce tasu 50, a duba abin da aka rubuta a jikin injin kafin a biya. Wayar ragar ba a yanke ta ko da taƙi ɗaya ne, zaren ragar kawai ake yankawa a juya, kuma a auna ta da mitar mai lantarki sau uku, tana cikin kwali, bayan an shimfiɗa, bayan an sa tayil, a rubuta lambobin a takarda mai gida ya ajiye, don in ta mutu a san a hannun wa ta mutu. Na ruwa shi ma kafin a zuba siminti a cika shi da ruwa a matsa shi har agogon awon matsi ya nuna bar 6, a bar agogon a manne har a gama zubi, kar a yarda da haɗi ko guda a ƙarƙashin daɓe, kuma simintin ya yi kwana 21 kafin a fara kunnawa, a fara da ruwa mai digiri 20 zuwa 25 kwana uku sannan a ƙara. Falon da ya wuce mita 40 ko gefensa ya wuce mita 8 a raba shi da layin numfashi, wato 'yar tazarar da ake bari don daɓen ya samu wurin miƙewa in ya ɗau zafi, a zagaye bango da soso. Ɗaukar hoto kuma wajibi ne, kowane ɗaki da ma'auni a ajiye a gefe, don watarana kafinta zai zo da dirila zai kafa abin tare ƙofa, kuma a ajiye kwali biyu na tayil a sito kar a mayar wa mai shago.

Gaskiyar da wataƙila abokan sana'ata ba za su so ba ita ce da yawanmu muna da maganin rabin matsalar a manne a bango. Mukayyif isfilit, wato na'urar sanyaya ɗaki ta jikin bango, mai zafi da sanyi, wanda ake ce wa har-barid, in irin mai juya aikinsa ne to shi ma zuƙo zafi yake daga waje, wato ɗumin da ragar waya za ta ba ka a riyal 67 shi zai ba ka a kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi. Aibinsa iskar a sama take taruwa, maƙogwaro ya bushe, kanka ya yi zafi ƙafarka na kan ƙanƙara, amma ga mai haya a shuƙƙa, wato filat, kuma yawancinmu masu iƙama, takardar izinin zama, haya muke, wannan da mokit mai kauri da toshe kafar taga da ƙarƙashin ƙofa shi ne iyakar abin da zan ce ka yi, kar ka fasa daɓen da ba naka ba. Ɗan uwana na Jidda kuwa na faɗa masa kai tsaye Alhaji riƙe kuɗinka, Jidda da Makka ba su da sanyin da za a binne wa waya, ya ce ai an ce masa na ruwa yana sanyaya daɓe da rani, na ce a laimar Jidda in ka sanyaya tayil zufa zai yi ta yi har tsohuwa ta zame ta karye, Allah ya kiyaye. Na Madina na ce masa banɗaki kawai in yana so. Na Ha'il, da duk mai gina nasa na kansa a Ɗuraif ko Ƙurayyat ko kan tsaunukan Abha, gida babba mai tsofaffi da ƙananan yara da ke yini a ciki, su ne kaɗai nake ganin na ruwa zai biya su, shi ma bayan sun gama da azil na bango da rufi da taga mai gilashi biyu, wanda dama tsarin gini na ƙasar ya wajabta azil a sabon gini, kuma shi azil ɗin yana maka aiki wata 12 ne, da rani ya rage maka kuɗin mukayyif, ita kuwa wayar ɗumama daɓe wata uku ne nata.

Ɗan baffana ya zo da niyyar ya shimfiɗa waya a gidan gaba ɗaya har kicin, muka zauna a kan bulo a wurin ginin bayan la'asar na yi masa lissafin nan a bayan buhun siminti, ya yi shiru ya ce "Yaya, to Hajiya fa, ai don ita nake yi." Na ce to mu yi don ita ɗin. Abin da muka tsaya a kai shi ne raga a banɗakinta da ɗan lungun da take bi daga banɗaki zuwa ɗaki, da tsakiyar ɗakinta inda take shimfiɗa sallaya, mita 9 gaba ɗaya, sai banɗakin yara mita 3, sauran ɗakuna mukayyif har-barid, kuɗin da ya rage ya ƙara a kan tagogi da azil ɗin rufi. Hajiya da kanta ta zo da sandarta ta nuna inda gadonta zai zauna da inda alƙibla take muka ja layi da alli a ƙasa. Daɓen ya bushe, allon azil ya iso jiya, ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shimfiɗa ragar, mai lantarki zai zo da mitarsa, na'urar kuma za a saita ta ta riƙa kunna kanta awa ɗaya kafin kiran sallar asuba.

Na gode Malam Edita da wannan fili, a gaida ma'aikata duka, a gaida 'yan uwa na Makka da Madina da na gida. Wassalam.

Naku, mai sa tayil,
Tabuka, Saudiyya.